Ranar Da Jan Bututu Ya Bushe

Wutar ba ta yi wani girma ba, shi ya sa ma abin ya fi ciwo. Dutsen guga aka manta a kan tebur a gidan Mai Ɗinki, a hawa na tara, ya ci yadin da ke ƙarƙashinsa, yadin ya miƙa wa labule. Da maigadi ya haura a guje ya buɗe akwatin bango ya janyo tiyon kashe gobara, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Ya murɗa makunni. Tiyon ya yi tari kamar tsohon da ya ƙware, ya tofar da abin da bai cika kofi ba, ya yi shiru.

Da bokiti da jiƙaƙƙen bargo maƙwabta suka kashe ta. Kafin nan Mai Ɗinki ta ƙone a hannu biyu wajen janyo kayan mutane, keken ɗinkinta kuma ya tashi daga aiki.

Injiniya tana kasuwar kayan ƙarfe aka kira ta. Ita ce mai kula da lafiyar ginin, dogon bene mai hawa goma sha biyar, tun daga tankunan da ke kan rufi har ramin ajiye motoci. Matashiya ce, ba ta daɗe da gama karatu ba, kuma rabin mazauna ginin har yanzu ba su yafe mata hakan ba. Ba ta tsaya wajen masu jaje ba. Ta wuce kai tsaye zuwa rufi, a ƙafa, don lif ɗin ya daɗe yana aiki ranar da ya ga dama.

Tankuna biyu ne a sama. Babban na sha da wanka ne, kuma makonni ke nan babu ko ɗigo a cikinsa, tun da injin da ke tura ruwa sama ya mutu, kwamitin mazauna kuma ya tsaya jan ƙafa wajen sayen sabo. Mutane a jarka suke hauro da ruwa daga motar da ke kawowa. Ƙaramin tankin kuwa na gobara ne. Daga gindinsa jan bututu ya sauka ta cikin bango har ƙasa, kowane hawa da tiyonsa. Ba mai taɓa wannan ruwan. Ita da kanta ta leƙa shi ana gobe injin zai mutu, ta gan shi cike taf.

Ta ɗaga murfin ta haska. Ƙasan tankin ya bushe har laka ta tsage. Ta zagaya shi tana shafa jikinsa, ta duba siminti, ta duba haɗin bututun. Babu tsaga, babu damshi, babu alamar yoyo. Ruwa mai yawan nan bai zube ba. Ɗebe shi aka yi.

Da ta sauko ta tarar maganar ta riga ta zuwa ƙasa. An cika harabar gini, kowa bakinsa da zance, zancen kuma mutum ɗaya yake nufa: tsohon mai gyaran famfon ginin, wanda ke riƙe da makullin rufi da na makunnin zubar da ruwa da ke can ƙasa. Kawunta ne, wan mahaifiyarta, shi ya riƙe ta tun tana ƙarama har ta gama makaranta.

“Sayarwa yake yi,” in ji wata mata daga hawa na huɗu. “Masu wankin mota ba sa rasa ruwa, ku kun taɓa tambayar daga ina?”

“Kuma wa zai bincike shi? 'Yar ƙanwarsa?” wani ya ce, aka yi dariyar da ba ta da daɗi.

Shugaban kwamiti, dattijo mai furfura da sandar ado, ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya dubi Injiniya ta saman gilashinsa.

“'Yata, gobe da yamma za mu zauna a ɗakin taro. In ba ki zo mana da wani bayani ba, tsohon nan zai je ya yi wa 'yan sanda nasa. Da ran mutane aka yi wasa.”

“Ranka ya daɗe, da ran mutane aka yi wasa tun ranar da na kawo muku maganar inji kuka ce sai an sake zama,” ta ce. “Amma na ji. Gobe da yamma.”

Wani ya ja tsaki. Ba ta waiwaya ba.

*

Ɗakin Kawu yana ƙarƙashin matakala, gado ɗaya, kujera ɗaya, sauran wurin duk na kayan aiki ne. Ta same shi zaune yana goge sifana da tsumma, sifanar da babu ko ƙura a jikinta.

“Uwata,” ya ce, haka yake kiranta tun tana goye, “kin ci abinci kuwa?”

“Kawu, ana shirin ɗaure ka, kana tambayata abinci?”

“To ɗaurin zai fasa ne in kin zauna da yunwa?” Ya ajiye sifanar. “Ki ji nan. Ni na tsufa, duk inda aka ajiye ni zan zauna. Ke kuwa yanzu kika fara. In kika tsaya kare ni, za su haɗa mu su kora. Ki tsame hannunki.”

“Ka taɓa ruwan nan?”

Ya ɗago ya dube ta, sai ta ji kunyar tambayar.

“Ni na ɗaura bututun nan da hannuna lokacin da ake ginin,” ya ce a hankali. “Ko ƙishirwa za ta kashe ni ba zan sha daga cikinsa ba.”

“Shi ke nan abin da nake son ji.”

“Taurin kan uwarki kika ɗauko, ba ki bar ko kaɗan ba.”

“A gidanka na ƙaro,” ta ce, ta ɗauki ƙaramar sifana daga kan tebur ta sa a aljihun rigar aikinta.

*

Da mai wankin mota ta fara, tunda shi ake ta ambata. Dogo ake ce masa, ko da yake kansa bai wuce kafaɗarta ba. Yana ramin motoci yana murza tayar wata baƙar mota yana waƙa.

“A'a, yau manya ne a ƙasa? Ranki ya daɗe, a wanke miki takalmi?”

“Dogo, ina kake samun ruwa?”

“Tambayar da kowa ke yi mini ke nan tun ɗazu, kamar ni na haifi ruwan.” Ya ja ta zuwa lungu ya nuna mata wasu duro guda biyu da wani guntun kwano da aka lanƙwasa ya zama indararo. “Mai motar ruwa in ya gama cika wa mutane jarkoki, abin da ya zube a ƙasa nan yake gangarowa. Ni mai tara ragowar masu gida ne. Shinshina ki ji, har warin taya yake yi.”

Ta shinshina. Gaskiyarsa ce.

“Amma tunda kin tambaya,” ya rage murya, “kada ki ce na ɓoye miki. Shekaranjiya na ga Baba, kawunki, tsaye wajen jan bututun can, yana shafa makunnin da mai. Kuma ba ni kaɗai na gani ba.”

Ta san Kawu yana shafa wa duk makunnan ginin mai don kada su cije, aikinsa ne na kullum. Ta kuma san yadda wannan maganar za ta zauna a kunnen mutanen da suka riga suka yanke hukunci.

Daga nan ta haura har hawa na goma sha biyar, tana hutawa a kan hanya, don tun daga titi ta daɗe tana lura da wani abu: barandar kowa ta bushe, furanni sun mutu a tukwanensu, amma barandar Shugaba kore shar take.

Matarsa ce ta buɗe, ta dube ta sama da ƙasa.

“Au, har mu ma mun shiga layin ɓarayi?”

“Mama, furanninki na zo gaisarwa. Su kaɗai ne ba su san ana fari a ginin nan ba.”

Tsohuwar ta yi dariya duk da ba ta so. Ta kama hannunta ta kai ta baranda. A ƙarƙashin kowace na'urar sanyaya ɗaki akwai roba, ruwa na ɗiga ciki ɗis, ɗis.

“Hawayen na'ura suke sha. Shi mai gidan ba ya iya barci sai ɗaki ya zama firji, ni kuma nake tare abin da ya zubo. Ki duba banɗaki in kina so, ki duba har ƙarƙashin gado.”

Injiniya ta duba banɗakin, ba ta ji kunya ba. Famfunan a bushe suke kamar na kowa.

Sai gab da faɗuwar rana ta shiga gidan Mai Ɗinki. An sallamo ta daga asibiti, tana zaune a falon da ya yi baƙi, hannuwanta naɗe da bandeji a kan cinya kamar ba nata ba. Ƙanwarta tana ware kayan da suka tsira.

“Sannu, Anti. Ya jikin?”

“Da sauƙi. Likita ya ce yatsun za su lanƙwasu in an yi haƙuri.” Ta dubi hannuwan. “Allura dai ba a riƙe ta da haƙuri.”

Injiniya ta zauna kusa da ita ta ce ta ba ta labarin yadda aka yi, tun daga farko.

“Ni me na gani ban da hayaƙi? Na dai ji tiyo ya ƙi, kowa yana ihu a kawo ruwa, to wa ke da ruwa? Wannan ya kawo rabin buta, wancan ya kawo na kofi. Ba don Baban 'Yan Biyu ba, da yanzu wani zancen ake. Kin san shi ai, mai gyaran firjin nan na hawa na bakwai. Bawan Allahn nan ya dinga sauka yana haurowa, bokiti bayan bokiti, kowanne cike. Har ya faɗi a matakala ya fasa gwiwa, ya tashi ya ci gaba.”

“Allah ya saka masa.”

“Amin. Sai dai abin da wuta ta bari, ruwa ya ƙarasa.” Ta nuna da haɓa. Ƙanwar ta ɗago wani farin yadi ta warware. Wuta ba ta taɓa shi ba, amma duk inda ruwa ya jiƙa ya bar tabo ja-ja mai duhu, kamar an zuba masa shayi. “Na amarya ne. Me zan ce mata?”

Injiniya ta murza tabon da yatsa, ta kai hanci. Ba ƙauri ba ne. Ta riƙe yadin ta daɗe, sannan ta mayar, ta yi musu sai da safe.

*

Da gari ya waye ta koma rufi, ta zauna a gindin busasshen tankin da sifanar Kawu a hannu. Jiya duk ta ɓata ta tana tambayar mutane, ba ta tambayi bututun ba. Tunanin da ya zo mata mai sauƙi ne, har ta ji haushin kanta. Duron da aka huda a gefe ba ya zubewa ƙarƙaf. Ruwa yana sauka ne ya tsaya daidai ramin, abin da ke ƙasa da ramin yana nan. Jan bututu kuwa ba komai ba ne illa dogon duro a tsaye.

Ta shiga matakala. A kowane hawa bututun yana fitowa fili a cikin akwatin tiyo kafin ya sake nutsewa a bango. Ta buɗe akwatin hawa na goma sha biyar ta ƙwanƙwasa shi da sifana. Ya yi ƙara ƙwal, irin ta ƙarfen da ba komai a cikinsa. Ta sauka. Na goma sha huɗu, ƙwal. Na goma sha uku, ƙwal. Mata masu hauro da jarkoki suna raɓewa su ba ta hanya suna kallonta.

“Yau kuma kiɗa Injiniya ta koma?”

“Ku dai tanadi rawa,” ta ce, ta wuce.

Na tara, inda bango ya yi baƙi da hayaƙi, ƙwal. Na takwas, ƙwal. A hawa na bakwai ta buga daidai kanta, ƙwal. Ta sunkuya ta buga daidai gwiwa. Sai ƙarfen ya amsa da wata murya, dum, gajeriya mai nauyi.

Ta sake bugawa sama, ta sake bugawa ƙasa. Ta bi da sifanar a hankali har ta gano inda muryar ke sauyawa, daidai ƙugunta, ta ja layi da alli. Sannan ta sauka hawa na shida ta sa bakin tiyo a wani bokitin fenti da aka yar, ta ɗan murɗa makunni. Ruwa ya fito, ja-ja da tsatsar da ya kwasa a cikin ƙarfe. Ta rufe da sauri. Ta tsoma gefen farin hankicinta ta ɗago. Launin shayi.

Ta koma hawa na bakwai ta tsaya tana kallon ƙofofi. Gida biyu ne bangonsu ya jingina da jan bututu. Ɗaya masu shi sun yi tafiya tun kafin injin ya mutu, ƙura ta rufe dokin ƙofar. Daga ɗayan kuwa kukan jarirai ke tashi, ɗaya na ajiyewa ɗaya na ɗauka.

Tana nan tsaye sai ga mai gidan ya hauro, jarka a kowane hannu, yana ɗingishi, gwiwarsa ɗaure da tsumma. Mutum ne mai fara'a wanda bai taɓa yi mata kallon raini ba, har sau da yawa yakan ara mata kayan aiki.

“Injiniya, sannu da aiki. An samu wani haske?”

“An samu, Baban 'Yan Biyu. Bututun ya gaya mini hawan da aka huda shi.” Ta nuna masa layin allin. “Daga nan zuwa sama babu ruwa. Daga nan zuwa ƙasa yana nan.”

Ya dubi layin. Ya ajiye jarka ɗaya, ya sake ɗauka.

“Ikon Allah,” ya ce. “Karatu dai ya yi rana.”

“Da yamma zan faɗa a taro. Na so a ce wanda ya yi ya riga ni faɗa. Ya fi masa mutunci.”

“Haka ne kam.” Ya juya mata baya yana laluben makulli. “Allah ya tona asirin mai yi.”

Ƙofar ta rufe. Ta tsaya tana jin yadda kukan jariran ya ƙaru, sannan ta ɗauki bokitin fentin ta sauka.

*

Ɗakin taron yana hawa na ɗaya, kujerun roba a jere, taga a buɗe saboda zafi. Ya cika har bakin ƙofa. An ajiye wa Kawu kujera shi kaɗai a gefe, ya sa rigarsa mai kyau, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Dogo yana tsaye jikin bango. Mai Ɗinki tana layin gaba da ƙanwarta. Baban 'Yan Biyu yana can baya, matarsa a gefensa, jariri ɗaya a kafaɗa ɗaya a cinya.

“To, 'yata,” in ji Shugaba, “muna jin ki. A taƙaice.”

Injiniya ta ɗora bokitin a kan tebur. Ba ta ɗaga murya ba.

“Duk wanda ya taɓa mallakar duro mai rami ya san ruwa yana tsayawa daidai ramin. Yau na bi jan bututu daga rufi ina bugawa. Da a ce daga ƙasa aka zuƙe shi, ta makunnin da Kawu ke riƙe da makullinsa, ko ta wajen Dogo, da bututun ya bushe har gindi. Bai bushe ba. Wannan ruwan daga hawa na shida na ɗebo shi ɗazu, duk mai so ya zo mu je ya murɗa da hannunsa.”

“Na gode wa Allah da duro,” in ji Dogo. “Ni dai na fita.”

Injiniya ta ci gaba. “Da kuma daga rufi aka ɗiba, ko daga hawan Shugaba, da tanki ne kawai zai ƙare, bututun ya zauna a cike, tiyon hawa na tara ya kawo ruwa jiya.”

Shugaba ya gyara zama. “Au, da ni ma ina ciki?”

“Kowa yana ciki, ranka ya daɗe, ba Kawu kaɗai ba.” Ta juya ga jama'a. “Ruwan ya tsaya a hawa na bakwai, daidai tsayin famfon banɗaki. A can aka huda, ta cikin bango, daga cikin gida.”

Ɗakin ya ɗauki guna-guni, kawuna suka fara juyawa. Ta jira. Ta ba Baban 'Yan Biyu lokaci. Mutumin yana kallon ƙasa.

Ta zaro hankicinta ta ɗaga, sannan ta roƙi ƙanwar Mai Ɗinki ta ɗaga farin yadin amarya. Tabon iri ɗaya ne.

“Ruwan mota ba ya yin wannan. Ruwan da ya daɗe kwance a cikin ƙarfe ne kawai yake yi. Wani ya kashe wutar jiya da ruwan jan bututu, amma ba ta tiyo ya ɗebo shi ba.”

Ba ta ambaci kowa ba. Muryar da ta fito daga baya ta mace ce, siririya, cike da mamaki. Maman 'Yan Biyu tana kallon rigar jaririn da ke cinyarta, rigar da aka saya fara, yanzu ta koma ruwan ƙasa.

“Baban yara,” ta ce, “ba ka ce mini wani tsohon layi ka gano a bango ba? Ba ka ce na gidanmu ne ba?”

Ya miƙe a hankali, yana dafa kujerar gabansa.

“Ni ne,” ya ce. “Ni na huda.”

Hayaniya ta tashi, Shugaba ya buga sanda har aka lafa.

“Matata ta haihu, biyu a lokaci ɗaya, an yi mata aiki,” Baban 'Yan Biyu ya ci gaba. “Lif ba ya tafiya. In fita aiki tun safe, in dawo in hau bene da jarka har ƙafata ta daina ɗaukata, kafin gari ya waye an wanke zanen yara ya ƙare. Ga bututu a bayan bangona cike da ruwa, shekara da shekaru ba mai taɓa shi. Wallahi na ɗauka daga babban layin gari yake zuwa, na ɗauka ba ya ƙarewa. Ban san daga tanki yake ba sai jiya, da na ji tiyo ya ƙi. Na koma na buɗe famfona, yana zuba, na yi ta ɗiba har ya ɗauke.”

“Wannan na ji shi,” in ji Injiniya. “Abin da ban ji ba shi ne dalilin da ya sa ka zauna a kujerar nan kana kallon tsoho zai tafi ɗaurin da ba nasa ba.”

“Tsoro,” ya ce.

“A kira 'yan sanda!” in ji matar hawa na huɗu, wadda jiya ta fi kowa ɗaga murya a kan Kawu.

“A dakata,” Injiniya ta ce, ta tako gaban tebur. “Kafin a kira kowa, akwai abin da ya rage. A harabar ginin nan aka kira kawuna ɓarawo, a gaban yara da masu wucewa. Bakunan da suka faɗa duk suna ɗakin nan. Ina jira.”

“Uwata, bari mana,” in ji Kawu.

“Ba zan bari ba, Kawu.”

Shugaba ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar. Sannan ya dogara sanda ya miƙe, ya taka har gaban tsohon ya miƙa masa hannu biyu.

“Mun zalunce ka, malam. Ni na fara, ni zan fara ba da haƙuri. Ka yafe mana.”

Ɗaya bayan ɗaya wasu suka taso. Matar hawa na huɗu ta yi nata daga zaune, tana kallon taga. Injiniya ba ta ɗauke ido daga kanta ba sai da ta ƙara da “don Allah”.

Da aka juyo kan maganar hukuma, Shugaba ya ce wadda aka ƙona ita ke da bakin magana. Mai Ɗinki ta dubi bandejinta.

“Ban san me zan ce ba,” ta ce. “Jiya har addu'a na yi ta yi masa. Yau ban iya janye ta, ban kuma iya ƙarawa. Ku bar ni in ga ko yatsun nan za su dawo. Amma ku, masu kwamiti, ku sayi injin nan. Don ba shi kaɗai ke da bango ba, ba shi kaɗai ke da jarirai ba.”

Ba wanda ya ce sai an sake zama.

Mutane suka fara watsewa. Kawu ya tashi ya kakkaɓe rigarsa mai kyau, ya je ɗakinsa ya dawo da jakar kayan aiki. Ya tsaya gaban Baban 'Yan Biyu, wanda har yanzu bai iya ɗaga kai ba.

“Tashi, ɗana. Bututun nan ba zai kwana da rami ba. Mu je ka nuna mini.”

Su uku suka haura. A banɗakin, mutumin ya janye madubi daga bango, sai ga ramin da ya fasa, da siririn bututun jan ƙarfe irin na firji manne a jikin babban. Injiniya ta haska fitila. Kawu ya sa gilashi ya kusanto da fuska, ya bi haɗin da ɗan yatsa, ya zagaya shi, ya sake zagayawa. Ko damshi babu.

“Wa ya koya maka wannan ɗinkin?”

“Ni na koya wa kaina, Baba.”

“Ɗan banza,” in ji Kawu, yana girgiza kai. “Hannu mai kyau haka, ka rasa inda za ka kai shi sai nan.” Ya zaro zarto daga jaka ya miƙa masa ta wajen mariƙi. “Ungo. Kai ka ɗaura, kai za ka yanke. Uwata, matso masa da fitilar.”